Laifin Lasifikar Hagu

…kuma ko a goye ya kawo likitan, ba inda za ni. Ƙarfe huɗu, in ji shi. "Mama, ki shirya, ƙarfe huɗu zan zo." Ki shirya. Kamar wata 'yar makaranta. Ɗanka ne fa, Kafinta, ɗanka na fari, wanda na goya har bayana ya ƙage, shi ne yau zai kai kunnena awo. Kunnena! Shekara talatin da ɗaya a ɗakin haɗa sauti na gidan rediyo, hedifon a kai tun safe har la'asar, ni ce mai cewa a tsaya, a sake, makirufon can yana huci. Yau ni za a zaunar a ɗan ɗaki a ce in ɗaga hannu in na ji ƙara?

Biyu da kwata. Da sauran lokaci. Ina sukudireban nan ya shiga…

Lasifikar hagu ce. Na faɗa, na maimaita, bakina har ya gaji. Akwatunan nan biyu da ka ƙera mini da hannunka, wata huɗu kana gogar katako a tsakar gida, kai da ko waƙar yara ba ka iya rerawa daidai — "Ni katako na sani, ke ki ji da kunne" — to na hagun ne ya gaza. Shekara shida da rasuwarka, ai ko katako yana da ikon yin makoki. Muryarsa ta dushe. Kaurin yana nan, gangar tana bugun ƙirji yadda ta saba, amma siririn sautin nan na sama, mai kaifi, ya tafi. Sau biyu ina kiran mai gyara. Ya zo da 'yar mitarsa, ya taɓa nan, ya taɓa can, ya ce, "Mama, lafiyarta ƙalau." Lafiyarta ƙalau! Mutumin da ke jin waƙa ta lasifikar waya, a aljihun gaba. Me ya sani?

Shi kuwa ɗan naka ya riga ya yanke hukunci, likitan shaida kawai ake nema. In aka ce kunne ya yi nauyi, to ba zan ƙara zama ni kaɗai ba. Zan koma gidansa, ɗakin nan na kusa da kicin, mai taga ɗaya. Gado, durowa, darduma. Akwatunan fa? "Ba wuri, Mama." Sai ya miƙo mini wasu 'yan farare guda biyu kamar ƙwayar wake, wai in cusa a kunne, wai duk waƙoƙin duniya suna ciki. Duk waƙoƙin duniya, a cikin wake! Ni ban ce ina son na duniya ba. Faifai ɗari biyu da 'yan kai gare ni, na san inda kowanne ya karce, na san wanda ke tsalle a baiti na uku. Su nake so. A ɗakin nan nake son su, a kujerar nan, taku bakwai daga kowane akwati. Kai ka auna da igiya, ka manta?

Wai ya yi minti ashirin yana buga ƙofa ran Talata. To? Ina jin waƙa. Wanda ke jin waƙa ba ya jin ƙofa, wannan ba ciwo ba ne, mutunta waƙa ne. Wai mai kantin magani na ƙasan benen nan ya ce kwalabansa suna rawa a kan kanta. Su yi ta rawa! Ai sun fi shi sanin abu mai daɗi.

Wash… gwiwa. Bari in durƙusa a hankali. Ƙura a bayan amfilifaya, kai, abin kunya. Ga kawunan wayoyin. Ja, baƙi. Ja, baƙi.

Ƙa'idar aiki, wadda tsohon shugabanmu ya koya mini ranar farko, mai tabarau ɗaure da zare: kada ki zargi abu sai kin musanya shi. Ki sauya wayar hagu da ta dama. In cutar ta bi wayar, inji ne. In ta tsaya inda take, akwati ne. Ba zato, ba camfi, ba "ina ganin." A musanya a gani. Da wannan ƙa'idar na kunyata injiniyoyi maza masu takardun ƙasar waje, ina 'yar shekara ashirin da biyar, da ciki wata bakwai — cikin wannan da ke zuwa ƙarfe huɗun.

Na ji shi fa. Shekaranjiya, a baranda, yana waya da Auta, ya juya mini baya. "Mama ba ta ji." Haka ya ce. To in ba na ji, ya aka yi na ji? Mama ba ta ji… Lallai! Yau aka fara? Babana ya faɗa tun ina 'yar shekara tara, ranar da na kwance rediyonsa don in ga mutanen da ke ciki. Yarinyar nan ba ta ji. Gwaggo ta faɗa da na ce aikin gidan rediyo zan yi, cikin maza da wayoyi. Kai ma ka faɗa, kana dariya, ranar da na sayi amfilifaya da kuɗin da aka ce in sayi kujeru. Ba na ji, na yarda. Kunnen ƙashi gare ni, da shi aka haife ni, da shi za a binne ni. In wannan yake nufi, ya yi gaskiya. In wancan yake nufi…

Wancan yake nufi.

Tsaya. Maɓallin daidaita hagu da dama, wa ya murɗa shi haka? Ya kai ƙarshen hagu, ba sauran wurin murɗawa. Jikokinka ne, 'yan taɓe-taɓe. Amma rabonsu da gidan nan tun hutun… to mai gyaran ne. Ko mai shara. Wani dai. A mayar da shi tsakiya, gwaji ba ya son son zuciya.

Faifan nan. Mai koren bango. Ni na ɗauki waƙar nan da hannuna, Kafinta, ka sani, na ba ka labarin har ka haddace. Mawaƙiyar mai siririyar murya a tsakiya, mai sarewa a dama, tsohon nan mai kacau-kacau kuma ni na ja kujerarsa zuwa hagu, yana ta mita wai na raba shi da jama'a. Bayan baiti na biyu yake shigowa. Cas, cas-cas. Cas, cas-cas. Rabona da jin sa a ɗakin nan ya kai shekara biyu, ina ta kewarsa kamar wani ɗan'uwa.

Allura ta sauka. Ganga. Murya. Baiti na ɗaya… na biyu…

Ga shi! Ga shi can a dama! Cas, cas-cas! Kai tsoho, ashe kana nan? Ka ji ko, Kafinta? Wayar hagu ta shiga akwatin dama, sauti ya fito tas. Inji lafiyarsa lau, faifai lafiyarsa lau, kunne — kunne ya ji! Akwatin hagu ne mai laifi, kamar yadda na faɗa tun bara waccan. Bari ya zo. Zan zaunar da shi a kujerar nan, in sa masa, in ce to likita, sai ka auna wannan. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi… Daɗi nake ji. Wallahi rabona da farin ciki irin wannan tun aurar da Auta.

Uku saura minti goma.

In tsaya nan. Ai ya isa. Na samu mai laifi, in rufe bayan inji, in sha ruwa, in jira shi da hujjata.

Sai dai mai tabarau ba zai tsaya nan ba. Ina jin muryarsa: rabin gwaji ƙarya ce mai kwalliya. An musanya waya, ba a musanya akwati ba. Kuma ɗan naka ba wawa ba ne, jinina ne, zai ce mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau. To a rufe masa baki gaba ɗaya. A mayar da wayoyi yadda suke, a kai akwatin dama hagu, na hagu dama. In na hagun ya je dama ya ci gaba da dushewa, magana ta ƙare.

Nauyi… Kai, Kafinta, da me ka ƙera su, da dutse? Katakon kirki, in ji ka, ba irin na yanzu da iska ke ɗauka ba. A kan tabarma zan ja. Ja. Tsaya. Numfashi. Mai kantin magani yana can yana ɗaga kai sama, ya ce tsohuwar ta fara rushe gidan. Ya ce. Ja… Ranar da aka shigo da su maza huɗu ne, kana gaba kana ba da umarni, kada a buga kusurwa, kada a buga kusurwa, ni kuwa ina riƙe da labule. Yau ni kaɗai. Kuma wai ba zan iya zama ni kaɗai ba!

Uku da minti ashirin. Zanena ya jiƙe. Kujera. Allura.

Baiti na biyu.

…

Ina tsohon? Akwatin da ya yi waƙa yanzun nan, yanzun nan, shi ne a hagu. Shi ya dushe. Wancan kuma, mai laifin, mara lafiyar, yana dama yana busa sarewa tas kamar sabo.

Bango ne. Bangon hagu ya sha damina, ya yi laushi, yana shanye sauti. Ko labulen nan mai kauri da matar ɗanka ta kawo, na ce ba na so, aka rataya. Labule yana cin siririn sauti, wannan ko ɗan koyo ya sani. Ko durowar littattafai. Ko… Laifi tudu ne, na sani, na sani, ba sai ka faɗa mini ba. Kai ma da ka yi shiru. Wanda ya tafi ya bar mutum da akwatuna biyu ba shi da bakin magana.

Akwai hanyar cire ɗaki daga maganar. Ba bango, ba labule, ba taku bakwai. Hedifon.

Yana nan a ƙusarsa. Na wurin aiki ne, suka bar mini ranar sallama, fatar kunnen ta sassaɓe, na naɗe wayar da baƙin salatif wuri uku. Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Da shi na kama hucin da injiniya huɗu suka rantse babu. Da shi na gwada yaran da ke neman aiki, in sa musu sauti in ce me ka ji, in ya yi inda-inda in ce je ka nemi aikin da ba na kunne ba. Mutum nawa na kora haka? Akwai wata yarinya, ta yi kuka a bakin ƙofa, ta ce mura take yi, a sake gwada ta. Ban sake ba. Wanzami ba ya son jarfa, ashe.

Sa shi. Sa shi mana, me kike jira?

Ganga a tsakiyar kai. Murya. Sarewa a dama, kusa, har ina jin inda yake jan numfashi. Baiti na biyu… Hagu kamar an toshe da auduga. Tsohon bai zo ba.

Ya tsufa, hedifon ɗin. Shekara nawa? Wayar hagun ce ta tsinke a ciki, wurin salatif ɗin, dole. Gobe in sayi dalma in… A'a. A musanya a gani. Ni na koya wa mutum arba'in wannan maganar. Ba sai an kwance komai ba, ba sai an ja komai ba. Cire shi kawai za a yi, a juya, a mayar. Na hagu a kunnen dama, na dama a kunnen hagu. Ko jaririn goye zai iya.

Hannuna ya ƙi.

Huɗu saura kwata. In ban juya ba, ban sani ba. In ban sani ba, ban yi wa kowa ƙarya ba. Zan iya kallon ɗanka ido cikin ido in ce labule ne, kuma har zuciyata… Kai, tir. Ni? Ni ce zan yi rabin gwaji?

Na juya.

Cas, cas-cas. Cas, cas-cas.

A kunnen dama. Tas, kamar yana zaune a kafaɗata. Daga ɓangaren da na ce wayarsa ta tsinke. Sarewar kuma — ina sarewar? Ta koma hagu ta nutse.

Ba waya. Ba inji. Ba akwatinka ba ne, Kafinta, aikinka lafiyarsa ƙalau, shekara biyu ina zagin sa a banza. Duk abin da ke ɗakin nan an musanya shi. Saura abu ɗaya, shi kuwa ba ya ciruwa, balle a kai shi dama.

Tsoro nake ji. To, na faɗa. Kai kaɗai na faɗa wa.

Waƙar ta ƙare. Allura tana zagaye a ƙarshen faifai, ya kamata in ɗaga ta… Haske ya sauya a bango. Ƙofa a buɗe take. Tun yaushe? Ga takalmansa a kan tabarma, ga makullin ko-ta-kwana da ya yanko bayan Talatar nan a hannunsa. Yana kallon akwatunan, yana kallon jan da suka yi a ƙasa, yana kallon zanena. Bakinsa yana motsi. A hagu ya tsaya, ɗan banza, a hagu.

Ba zan cire ba. Ina jin waƙa. Ga hedifon a kaina, yana gani, duk wanda ya sa wannan ba ya jin mutane, kowa ya sani. Sai in ɗaga masa yatsa ɗaya: dakata, bari ta ƙare. Ya gyaɗa kai. Ya zauna a hannun kujera, yana jira.

Idonsa yana kan faifan. Ya ga inda allurar take.

Bai ce komai ba… ko ya ce?