Halimar Cikin Waya

Shekara uku bayan rasuwar Halima, mahaifiyarta Juwairiyya ta gama littafin. Ita ba marubuciya ba ce, ma'aikaciya ce a sashen ajiyar fayil na wata ma'aikatar gwamnati. Ta dai zauna a gidanta da ke Malali ta rubuta yadda 'yarta mai ciwon sikila ta yi shekara goma sha shida a duniya, da tsokanarta, da son ƙwallon kwandon da ba a taɓa barin ta ta buga ba. Aka buga kwafi ɗari biyar, 'yan matan sakandare suka riƙa karɓar aro a tsakaninsu.

Ana nan sai ga Mansur, editan wani ƙaramin kamfani a Unguwar Kanawa da ke mayar da littattafan matasa labarin zane, irin wanda ake karantawa a waya, babi ɗaya duk Juma'a. Ya nuna mata zanen gwaji. Ga Halima da siririn wuyanta, har da ɗan rawayan nan na cikin idonta. Juwairiyya ta sa hannu a takardar yarjejeniya hawaye na hana ta ganin rubutun.

Mako huɗu tana ɗokin Juma'a. A na biyar aka kwantar da Halima a asibiti, kamar yadda yake a littafi. A na shida kuwa wani likita ya shigo yana murmushi, ya ce kuskuren gwaji ne, yarinya lafiyarta lau. Kafin a kai na takwas Halima ta yi ƙiba, ta yi haske, samari biyu na faɗa a kanta.

Juwairiyya ta hau keke Napep har ofishin kamfanin. Mansur ya tashi ya ba ta kujera, ya juyo mata da kwamfuta.

"Hajiya, duba nan. Da farko muna da masu karatu dubu goma sha ɗaya. Ranar da aka shiga asibiti suka koma dubu huɗu. Yara ba sa son ciwo, wucewa suke yi."

"Ita ma ba ta so shi ba, Mansur. Amma da shi ta rayu, da shi ta tafi."

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗauko yarjejeniyar ya nuna mata layin da ya ba su damar sauya labari yadda suka ga dama.

"To ku canja mata suna," ta ce. "Ku kira ta duk abin da kuke so, ku bar mini Halima."

"Wallahi an riga an saba da sunan. Yanzu mun kai dubu talatin."

A gida mijinta Datti ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce zai tambayi wani lauya abokinsa. Lauyan ya karanta takardar, ya ce ta yi haƙuri.

Ran Litinin Nafisat, sabuwar ma'aikaciya a ofishin su Juwairiyya, ta matso da wayarta tana dariya.

"Anti, ashe ke ce mai labarin nan! Don Allah faɗa mini, wa Halima za ta aura? Cikin samarin nan biyu, ni dai ina bayan Salim."

Juwairiyya ta kalli yarinyar da ke cikin wayar, mai kumatu, tana rufe baki da gyale.

"Ban san ta ba," ta ce.