Mai Duba Mita a Layin 'Yan Sa-ido

Auta ba gida kawai take nema ba, wurin da za ta ajiye mahaifinta take nema. Baba tsohon ma'aikacin hukumar ruwa ne, kuma tsufa ya fara ci masa tunani. Sunayen jikokinsa sun ɓace masa, amma aikinsa na nan daram a kansa: gari na wayewa zai sa hula, ya maƙale biro a kunne, ya ce zai tafi duba mita. Wata rana ya sulale daga benen da suke haya, ya leƙa mitar wani gida, maigadi ya ɗauka ɓarawo ne. A ofishin 'yan sanda suka tsince shi. Tun daga ranar Auta ke sa masa kwaɗo a ƙofa kafin ta tafi asibitin da take aikin jinya. Uban da ya sha ɗora ta a wuya, yau ita ke kulle shi! Wallahi abin na ci mata rai.

Dillali ya ce akwai gidaje biyu a bayan gari. Kafin a je ko'ina, Yaya, wato yayar mijin Auta, ta yanke hukunci, duk da ba ta taɓa kwana a ko ɗaya daga unguwannin ba.

"Ta farko unguwar manya ce, ko ƙuda sai da izini yake shiga. Ta biyun kuwa, Allah ya raba ku! 'Yan sa-ido ne. Ki yi atishawa a ɗaki, kafin ki goge hanci an zo miki dubiya. Akwai wata ma, Rediyo ake ce mata."

"To Yaya, gani ya kori ji," in ji Tica, mijin Auta.

Ranar Asabar suka tafi har da Baba, don Auta ta rantse ba za ta kulle shi ranar hutunta ba.

Unguwar farko sai wanda ya gani. Kwalta sumul, katanga doguwa da waya a sama, tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Tica sai washe baki yake. Suka yi sallama a maƙwabta don su tambayi yadda ruwa ke zuwa, kare ne kaɗai ya amsa.

"Kun gani ko?" Dillali ya bugi ƙirji. "Sai ku shekara goma a nan ba wanda ya san da ku."

Shi yabo yake yi, amma Auta ba haka ta ji maganar ba. Ta kalli Baba, wanda tuni ya fara leƙen ƙasan wata ƙofar ƙarfe. Ta riƙo hannunsa.

A unguwa ta biyu kuwa, tun kafin su kashe mota labule ya fara motsi ta ko'ina. Wata dattijuwa a baranda, tana tsife wa jikarta kai, ta ɗaga murya:

"Sannunku da zuwa! Ku ne masu neman gidan tela? Yara nawa? Wannan mijin ne ko ƙani?"

Ba sai an faɗa musu ko wace ce ba. Tica ya cije leɓe ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya dai ba ta yi ƙarya ba."

Gidan ba laifi: ɗaki uku, kicin mai taga, bishiyar gwaiba a tsakar gida. Tica ya shiga auna bango da taku, ya ga ko gado zai shiga. Auta tana murɗa famfon kicin. Ta juyo ta ce, "Baba, zo ka ga..." Wayam. Ƙofar gida a buɗe.

Innalillahi! Ta fito a guje da takalmi ƙafa ɗaya, idonta a kan babban titi inda motoci ke sheƙa gudu.

Rediyo ko miƙewa ba ta yi ba. "Kwantar da hankalinki, 'yata. Ya shiga gidan mai shago, ya fito, ya tsallaka wajen mai wanki, yanzu yana gidan direba. Na ce wa mai aski ya tsaya bakin titi kada ya nufi can. Ƙafar hagun na ɗan damunsa, ko? Na sa an kai masa kujera."

A gidan direba Auta ta tarar da Baba zaune kan kujerar, gaban mitar ruwa. Direba, ƙaton mutum, ya durƙusa ya riƙe masa murfin, Baba kuwa sai faɗa yake.

"Famfonku na yoyo! Ruwan nan kyauta kuke zato?"

"Tuba nake, ranka ya daɗe, za a gyara," in ji direba, ya ƙyafta wa Auta ido.

Fuskar Baba ta cika da iko da jin daɗi. Rabon Auta da ganinsa haka har ta manta. Sai ga ta tana dariya, hawaye na zuba.

Da suka dawo, Rediyo ta kama hannunta. "Nawa uban ma haka ya yi. Layin nan ne ya taya ni riƙonsa har Allah ya karɓi abinsa. Wai mu 'yan sa-ido. Su yi ta faɗa! In kun tare dai a fara da mitar gidana."

A mota Tica ya yi ajiyar zuciya. "Kin san har abin da muka dafa sai sun sani?"

"Su san har gishirin da na zuba," in ji Auta.

Ranar tashi Yaya ta zo taya su kwashe kaya, tana ta ƙorafin an ƙi jin maganarta. An gama loda mota kenan ta leƙo daga bene.

"Auta! Kin manta kwaɗon ƙofar Baba."

Auta ta gyara wa Baba zaman hularsa, ta maƙala masa biro a kunne.

"Ban manta ba, Yaya. Bar shi nan."