Tsuntsun Hajiya Ikilima

A unguwar Limawa, cikin garin Dutse, akwai wata yarinya mai suna Safina da ke zaune da kakarta, Iya Gaji. Ba su rasa hatsi ba, don baban Safina yakan aiko da gero daga gonarsa ta Garki. Suna da akuya da 'yan kaji. Abin da suka rasa shi ne bargo na biyu. Gadonsu ɗaya, bargonsu ɗaya, ita kuwa Iya da barci ya yi mata daɗi sai ta nannaɗe shi kaf a jikinta.

"Iya, jiya ma kin kwashe," in ji Safina kusan kowace safiya.

"Ni? Ke dai ƙafafunki ne suka yi tsawo kamar na zalɓe."

A makaranta, malamar aikin hannu ta koya wa 'yan aji biyar ɗinkin haɗe-haɗe. Za a yanko kwali mai kusurwa huɗu, a ɗora shi kan ƙyalle, a yanke daidai da shi, sannan a yi ta haɗa guntayen da allura har su yi faɗi. Sauran yara suka yi rigar filo suka huta. Safina ta ce ita bargo za ta yi.

Shekarar ce aka fara shari'a a Jigawa, ɗinkin hijabi ya yi wa Malam Mika'ilu, telan unguwar, yawa har ba ya ɗaga kai daga keke. A ƙarƙashin teburinsa akwai buhun guntayen atamfa da ya tokare masa ƙafa. Safina ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙa.

"Ɗauki duka, kin rage mini kaya," ya ce, bai ko waiwayo ba.

Duk daminar nan, da ta dawo daga Islamiyya sai ta zauna kan tabarma da allurarta. Guntayen hijabi marasa zane ta kewaye gefe da su. Mafi kyau a buhun, wani kore mai tsuntsu ruwan gwal, shi ta sa a tsakiya. Da ta gama fuskar bargon, kafin ta yi masa ciki da baya, ta wanke ta shanya a igiyar tsakar gida.

Akwai abin da Safina ba ta sani ba. A Limawa, mace in ta kai ɗinki, ragowar yadin nata ne. Tela yakan ƙulle shi cikin kayan, ita kuma ta adana don faci ko hular jariri.

Inna Bilki, maƙwabciyarsu, ta shigo aron rariya. Ta tsaya gaban igiya ta riƙe haɓa.

"Lallai! Ga ankon bikin Zaituna! Ga na sallar bara!" Ta leƙa ta kan katanga ta ƙwala kira. Kafin a jima tsakar gidan ta cika da mata, kowacce tana neman nata tana shewa.

Ana cikin haka Hajiya Ikilima ta yi sallama. Mace ce mai son kayanta, ko allura ta ba da aro sai ta aiko a karɓa. Idonta ya sauka a tsakiyar shanyar.

"Wannan tsuntsun nawa ne. Atamfar da ƙanina ya kawo mini daga Kano. Na aika wa Mika'ilu a kan ragowar, ya ce ya duba bai gani ba."

"Haba Hajiya," in ji Iya Gaji, "abin da bai wuce tafin hannu ba?"

"Ko kamar farce yake, Iya, nawa ne. Wa ya tambaye ni?"

Shewa ta tsaya. Sauran matan suka fara kallon nasu ƙyallayen da wani ido daban. Safina ta ga in kowacce ta karɓi nata, gefen hijabin nan kaɗai zai rage mata, aikin damina guda ya tafi.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko reza. A hankali ta warware ɗinkin da ke kewaye da tsuntsun, ta ninke shi, ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Ban san haka ake yi ba." Sannan ta juya. "Inna Bilki, naki fa? In cire?"

"Ke, tashi daga nan! Na bar miki. Zanin ma tuni ya zama tsumman goge kwano."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, kowacce ta ce ta yafe. Sai ramin tsakiya ya rage. Iya Gaji ta zagaya ta bayan shanyar, ta zuro fuskarta ta ramin.

"Jama'a, kun taɓa ganin bargo mai taga?"

Aka kwashe da dariya. Inna Bilki ta bi ƙyallayen da yatsa tana kiran sunaye. "Duk matan layin nan muna ciki. Mutum ɗaya ce ta yi tafiya."

Hajiya Ikilima ta gyara hijabinta ta fita.

Washegari da hantsi sai ga ta, wai ta zo duba jikin Iya, alhali Iya ko mura ba ta yi. Ta gaisa, ta zauna, idonta na kan bargon.

"Ke 'yar nan, me za ki sa a ramin?"

"Inna Bilki ta ce za ta ba ni wani ja."

"Ja? A tsakiya? A wurina?" Ta zaro ƙyallen daga cikin hijabi ta ɗora a cinyarta. Ba ta miƙa ba, ta dai zuba wa Safina ido tana jira.

Safina ta dubi Iya. Iya ta ɗaga mata gira.

"Hajiya, don Allah ko za ki ba ni tsuntsun nan in sa a bargona?"

"Yawwa, yanzu kika yi magana. Ungo. Kuma ki juya shi kansa ya kalli sama, jiya a kife kika sa shi kamar kazar da za a fige."

Safina ta mayar da tsuntsun, ta sa wani tsohon gwado da ya yayyage a ciki, ta yi baya da zanin Iya, ta bi da dogon ɗinki. Da sanyi ya shigo, Iya Gaji ta ce ai zaninta ne a bayan, saboda haka da ita sabon ya dace. Safina ta ce allurarta ce ta yi aikin. Suka shirya a kan kowa ya yi mako da shi, kuma ƙafar Safina ba ta ƙara kwana a waje ba.

Daga nan Safina ta gane cewa ƙyalle komai ƙanƙantarsa yana da mai shi, kuma yawancin masu shi ba ƙyallen suke so ba, so suke a tambaye su.