Motata Ba Ta Kwana a Hanya

Ni da kuke gani na ja babbar mota har kaina ya yi fari, na faɗa rami da ita na fito da ƙafata, kuma ban taɓa zama a aji ba. Taƙamata ɗaya ce a duniya: motata ba ta taɓa kwana a hanya ba. In ta mutu, da waya da tsumma da robar taya nake ɗaure ta mu isa gida.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, 'yata ta kawo min tsohuwar kwamfuta, wai ko na rage damun mutane da labari. Kwamfutar sa'ata ce a tsufa, tsarin tafiyar da kwamfuta da kowa ke amfani da shi ya fi ƙarfinta. Sai mai gyara na bakin titi ya zuba mata wani daban, na kyauta, wanda 'yan tsiraru ke bi. Ya sa min wasan tuƙin babbar mota, har da sitiyarin roba da ake maƙalawa a tebur. Ya ce kantin da ke sayar da wasanni a intanet bai san da zaman tsarina ba, don haka dabara ya yi, ya ɗaura wannan a kan wancan har wasan ya tashi. Kafin ya buɗe kuwa, sai wani baƙin allo ya fito, rubutu na gudu a kai. Allon nan yana ci min rai. Duk Asabar tsohon kwandastana yana zuwa mu yi tsere, shi ma yanzu da furfurarsa, kuma da ya ga allon sai ya ce an fara turin mota.

Rannan jikata ta karanto min a wayarta cewa kantin ya amince da tsarina a hukumance. Ban bari ta kai ƙarshe ba. Ni direba ne, na san takarda: in takardunka sun cika, kana wuce shinge kana ɗaga hannu. Na aika wa Kwandasta cewa ran Asabar ya zo ya ga mota mai lasisi. Sannan na kira mai gyara na ce ya kwance duk ɗaure-ɗaurensa.

Bawan Allah ya so ya yi bayani. Ya ce kantin kamar kasuwa ne. Masu kasuwa sun yarda in shiga ta babbar ƙofa, in ƙofar ta cije su ne za su gyara. Amma kowane wasa da mai rumfarsa, kuma mai wasan motata bai ce uffan ba tukuna. Na ce masa tun ubansa na rarrafe nake kwance inji. Ya ce to, Baba, sannan ya goge komai. Gwaji ma na hana shi, don a gaban Kwandasta nake so a buɗe.

Asabar ta zo. Na sa hular da nake tuƙi da ita, na danna. Kanti ya buɗe tsaf, babu baƙin allo, babu turi. Na kalli Kwandasta ta wutsiyar ido. Na danna hoton wasan motata, shiru. Na sake dannawa da ƙarfi, kamar totur. Jikata ta leƙo ta karanta ɗan rubutun da ke ƙasa: wannan wasan ba ya aiki a kan tsarinka.

Kwandasta bai yi dariya ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Ya naɗe hannun riga kamar da, ya zare wayoyi, ya rungumi kwamfutar, ni ina bin sa da sanda har shagon mai gyara. Shi ma bai ce ai na faɗa ba. Ya duba kawai, ya ce sai an sake sauko da kayan ɗaurin daga intanet, mu dawo gobe.

Muna fitowa Kwandasta ya tsaya ya gyara hularsa.

"Maigida, yau dai mota ta kwana a hanya."

"Gareji ba hanya ba ne," na ce masa.

"Shagon a bakin titi yake."

Na juya na duba. Wallahi ƙofar shagon da kwalta ko taku biyu babu. Na koma ciki na roƙi mai gyara, don girman Allah, ya matsar da ita can ƙurya, bayan labule.