Wa Ke Ba Su Murya

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024. An yi yayyafi da asuba, har yanzu gari bai washe ba.

...kuma ba ciwo yake yi ba, abin ke nan. Kunnen hagu ne kawai ya yi shiru, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Ina zaune a bencin tashar Kafanchan, ambulan a kan cinyata, motar Kwoi tana jira ta cika. Sakataren gunduma yana so a aika masa sunan wanda zai jagoranci mawaƙanmu a taron haɗaka na Disamba. Suna ɗaya. Shekara da shekaru nawa nake rubutawa, Lucia Kumai, ko tunani ba na yi.

A majami'armu ba ma dogara da piyano — wuta ba ta da alkawari. Kafin waƙa ta musamman, shugabar mawaƙa takan rufe baki ta yi "mmm", kowane layi ya ɗauki muryarsa daga nan. Do, mi, so. Sai hannu ya sauka. Marigayi Malam Azariya ne ya koya mini, a gindin mangwaron bayan majami'a: Lucia, in muryar farko ta karkace, babu mai iya miƙe waƙar a tsakiya.

Jiya, waƙar godiyar kaka. Doya da citta jibge a gaban bagadi, akuya ɗaure a waje tana kuka. Joanna, ɗaya daga cikin mawaƙanmu, ba ta zo ba, ta tafi jana'iza Kasuwan Magani. Na ba da murya. Hannu ya sauka. 'Yan sofrano, masu siririyar murya, suka hau, suka yi ta hawa... wajen "Halleluya" suka tsinke. Maza suna lalube a ƙasa. Faustina, a layin mawaƙa, ta kafe ido a takardarta. Ni kuwa ina ta kaɗa hannu — daidai nake ji. Daidai! Rabaran ya ce "Amin" da ƙarfi, tun ba mu rufe baki ba.

Wani yaro yana tallan gyaɗa. A'a, na gode.

Bayan an tashi jiya, Mama Keziya tana ninke rigar mawaƙa, ba ta ko ɗago kai ba. "Malama, kada ki damu kanki. Joanna ne ba ya nan. Shi ne yana ba mu murya ai, a hankali, bayan naki."

"Tun yaushe, Mama?"

"Ah! Tun Ista na bara. Mun ce kada a faɗa maki. Ke ne uwanmu."

Tun Istan bara. Kirsimati, bukukuwan aure, jana'izar Baba Francis... ni a gaba cikin farar riga, su kuma suna jiran wani "mmm" ɗin. Joanna Dickson, 'yar alto, layin mata masu kaurin murya. Ni na koya mata numfashi, na sa hannuna a kan cikinta tana 'yar sakandare. 'Yan alto a hagu suke tsayawa. Dole ne ban ji ta ba. Ita ta san haka? Ta san wane kunne ne?

Fushi nake nema, ban same shi ba. Ƙauna ce? Tausayi? Mutum guda cikinsu bai taɓa kuskuren kallonta ba. Wannan ma ai sai an yi bita... bitar da ba a gayyace ni ba.

Da na rubuta sunana, babu mai cewa uffan. Za mu je Kwoi, in ɗaga hannu, ta gyara a ɓoye, a tafa mana. Har yaushe? Har ranar da ta sake tafiya jana'iza?

"Madam, saƙo ne ko kina tafiya?"

"Saƙo ne, direba. Ofishin gunduma, hannun sakatare."

Ya tura ambulan ƙarƙashin gilashi, kusa da Littafinsa Mai Tsarki. Sunan Joanna ne a ciki. Da safen nan na rubuta shi.

Ranar Lahadi zan tsaya a layin alto. Za ta rufe baki ta ba da murya daga gaba, ni kuma in ɗan karkata kai, in miƙa mata kunnen dama. In shi ma ya —

Motar ta tashi.