Mama, Kunna Baba

Wani direba ya rasu a hatsarin mota, ya bar wa matarsa 'ya ɗaya da tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi. A cikinta akwai wani shafin intanet da yake ajiye muryarsa idan ya yi doguwar tafiya: waƙoƙin da yake rera wa 'yar, da tsokanar uwar, wai ta fi keken ɗinkinta surutu. Shafin ya san shi, ba ya tambayar kalmar sirri. Kullum da safe, kafin ta zauna kan keke, sai ta kunna wa yarinyar.

Shi kuwa marigayin, Allah ya jiƙansa, akwai tsoron 'yan damfara kamar me. Ya sha ja mata kunne cewa duk abin da intanet ya ce ta karɓa, ta ƙi.

Ran nan burauza, manhajar shiga intanet, ta sabunta kanta, ta fito da tambaya: a bar kukis, ko a toshe su a goge na da? Baiwar Allah ba ta san ko mene ne kukis ba, amma ta san maganar mijinta. Ta danna toshewa, har tana jin ta kyauta.

Da ta koma shafin, sai ya nemi kalmar sirri.

Ta gwada sunan 'yar, ta gwada lambar motarsa, ta gwada nata sunan tana jin kunya. Ina! Ta naɗe kwamfutar a mayafi ta kai wa mai gyara, wani dattijo da ke ƙarshen layinsu. Ya ce kukis ɗin nan su ne shaidar da shafin yake gane mai shi da ita, kamar maigadin da ya saba da fuska. Ya buɗe su, amma waɗanda aka goge sun tafi. Za a iya aika sabuwar kalma zuwa wayar marigayin, in tana nan.

Wayar ta ƙone tare da motar, layin ma an daɗe da rufe shi.

"Maganarsa fa na bi, Baba," ta ce, hawaye na zuba. Dattijon ya ba ta haƙuri, ya ƙi karɓar ko sisi.

Washegari yarinyar ta jawo kujerarta gaban tebur kamar kullum.

"Mama, kunna Baba."

Uwar ta dubi kwamfutar, ta ɗora 'yar a cinya, ta fara rera waƙar da kanta. A baiti na biyu ta kakare, ta rasa abin da ke biye.