Bokitin Madam Solanj

Da manajan otal ɗinmu na Samarkand ya ɗauko Madam Solanj daga Faransa don ta koya wa masu kai abinci sanin giyar inabi, ni aka ɗora wa aikin tafinta, wai don na taɓa zaman shekara biyu a ƙasarsu. Da na san abin da ke jirana, da na ce yaren ya zube mini.

Ranar farko ta jera kofuna, ta dire bokiti a tsakiya. Ta ce a shinshina, a kurɓa, a juya a baki, a tofar a bokitin.

Baba Tursun, wanda ya shekara talatin yana ɗaukar faranti, ya dube ni. "Otabek, ɗana, gaya mata ban taɓa tofar da abin da aka ba ni a gaban mace ba. Ba kuwa da furfura zan fara ba."

Abokin aikinsa Sanjar ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan, ya shanye nasa tas. Kafin kofi na biyar har ya fara yi wa Madam addu'ar ganin jikoki.

Zebo kuwa ko ɗanɗanawa ta ƙi. "Yaya Otabek, bara na dawo daga Umra. Hanci dai zan iya ara mata."

Madam ta ce kowa ya faɗi ƙamshin da ya ji, ita tana jin 'ya'yan itacen dajin garinsu da fatar sirdi. Baba Tursun ya ce shi inabi yake ji. Na fassara. Ta dafe goshi, ta harare ni kamar ni na faɗa.

Haka na kwana huɗu ina shan harara ta kowane ɓangare. Ranar ƙarshe ta buɗe kwalbar da ta fi ji da ita, manaja na tsaye. Zebo ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai warin ɗakin ajiyar surukata ne in ruwa ya shiga. Jiƙaƙƙen kwali zalla."

Na so in ce yabawa take, amma Madam ta riga ta ga fuskar. Ta karɓi kofin, ta shinshina sau biyu. Ashe gaskiyar Zebo ce, abin da aka toshe bakin kwalbar da shi ne ya ɓata giyar.

Nan take Madam ta ce Zebo za a damƙa wa ɗakin giya. Zebo ta ce Allah ya kiyashe ta. Sanjar ya ɗaga hannu, aka yi kamar ba a gan shi ba. Manaja ya juyo ya miƙa mini makulli, ni da mura ba ta barin hancina rani da damina.